SANKARAR BAKIN MAHAIFA: ASALINTA DA ABIN DA KE KAWO TA

A cikin cututtukan da ke ɗauke matan Nijeriya suna tsakiyar ƙarfinsu, da wuya a sami wadda masana suka bi sawunta har makwancinta kamar sankarar bakin mahaifa, wadda wasu ke kira ciwon daji na bakin mahaifa. An san abin da ke kawo ta, an san ƙofar da ya ke bi ya shiga jiki, an kuma san yawan shekarun da ya kan yi a ɓoye kafin ɓarnarsa ta bayyana. Duk da haka, bisa ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, a shekarar 2020 kaɗai an sami mata wajen 12,000 da wannan cuta a Nijeriya, wajen 8,000 kuma suka rasu ta dalilinta. In aka raba wannan adadi bisa kwanakin shekara, kusan mata 22 ke nan kowace rana. A duniya baki ɗaya kuwa, a shekarar 2022, mata kimanin 660,000 suka kamu, kimanin 350,000 suka rasu, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na mamatan 'yan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne.

Duk wanda ya san birnin Gombe ya san unguwar Jekadafari, inda Asibitin Ƙwararru na Jiha ya ke. Can, da kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke hanyar Ashaka, a ke kai marasa lafiyar da ciwonsu ya fi ƙarfin ƙananan asibitocin Akko da Kwami da Dukku da sauran ƙananan hukumomin jihar. Kukan da likitocin mata ke yi a irin waɗannan manyan asibitoci, daga Gombe har Zariya da Sakkwato, iri ɗaya ne, watau ba a kawo mai wannan cuta sai bayan ta ci jiki. Sau da yawa matar ta yi wata da watanni tana zubar da jini, an sha saiwa, an sha rubutu, an zagaya kemis, an kuma zargi wanda aka zarga, sa'an nan aka ɗauko ta a mota. Wannan jinkiri yana da dalilai da dama, har da rashin kuɗi da nisan hanya. Amma babban tushensa shi ne jama'a ba su san abin da ke haddasa cutar ba, wanda bai san asalin abu ba kuwa, a wurin da ba ya nan zai nemi maganinsa. Saboda haka aka shirya wannan bayani.

Bakin Mahaifa

Mahaifa ta yi kama da ɗan ƙaramin tulu da aka kifa a cikin marar mace. Wuyan tulun, wanda ya sauko ya leƙo cikin farji, shi ne bakin mahaifa. Tsawonsa bai fi santimita uku ko huɗu ba. Ta nan jinin haila ke fita, shi ne kuma ke rufe ruf har wata tara yana tsare da ɗan tayi, sa'an nan ya buɗe ran naƙuda har faɗinsa ya kai santimita goma.

Fata iri biyu ce ta lulluɓe wannan wuri. Ta waje mai kauri ce, hawa-hawa, irin wadda ta saba da gogayya. Ta cikin ramin kuwa siririya ce ƙwarai, ita ce ke fid da ruwa mai yauƙi. Akwai iyaka inda su biyun suka haɗu, kuma iyakar ba a wuri ɗaya ta ke zaune ba. Lokacin balaga da lokacin goyon ciki, siririyar fatar ta kan fito waje, sa'an nan a hankali jiki ya mai da ita mai kauri. Wannan ɗan fili da ke cikin sāke kama kullum, shi ne wuri mafi rauni, kuma kusan dukan sankarar bakin mahaifa a nan ta ke tsira. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama shi ne zai bayyana abubuwa da yawa a gaba.

Ita sankara kowace iri, ma'anarta ɗaya ce. Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana rabuwa biyu in jiki ya bukata, ta tsaya in bukata ta biya, ta mutu in ta tsufa ko ta lalace. Sa'ad da wasu ƙwayoyi suka ƙi tsayawa, suka kuma ƙi mutuwa, suka yi ta hayayyafa har suka zama tsiro mai cin naman da ke kusa da shi, to, sankara ta samu. Tambayar da ta sha wa likitoci kai shekaru aru-aru ita ce, me ke sa ƙwayoyin bakin mahaifa su yi wannan tawaye?

Yadda Aka Gano Mai Laifin

Wanda ya fara kama bakin zaren wani likita ne na ƙasar Italiya mai suna Rigoni-Stern. Ya zauna ya bi littattafan rajistar mamata na birnin Verona tun daga shekarar 1760 har zuwa 1839, ya fid da sakamakon a 1842. Ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi yawa ga matan aure da waɗanda mazansu suka mutu, ta kuma yi ƙaranci ainun ga matan nan masu ibada na Kirista da ke ƙaurace wa aure har ƙarshen ransu. A zamaninsa ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna, don haka bai iya faɗin dalili ba. Amma lissafinsa ya nuna cewa akwai wani abu da ke tafe da saduwar namiji da mace.

Bayan shekara casa'in sai haske ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Maharba a Amurka sun daɗe suna ba da labarin zomaye masu ƙaho, mutane na ɗauka tatsuniya ce. A 1933 wani masani, Richard Shope, ya sami irin waɗannan zomaye ya bincika, ya ga ashe ƙahonin wani tsiro ne mai tauri da ke fitowa a fata, kuma wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, irin ƙananan nan da a ke kira bairos, waɗanda suka fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A 1935 Peyton Rous da abokin aikinsa suka nuna cewa tsiron zomayen nan ya kan rikiɗa ya zama sankara. Dangin wannan ƙwaya su a ke kira papiloma. Ba wanda ya kawo a ransa a lokacin cewa 'yar'uwarta ce ke kashe mata.

A gefe guda kuma, wani likita ɗan asalin Girka da ke aiki a birnin New York, George Papanicolaou, ya gano cewa in aka shafo ɗan ruwan bakin mahaifa aka duba da madubi, a kan ga ƙwayoyin da suka soma lalacewa tun matar ba ta ji kome ba. Ya faɗi haka a 1928, ba a kula shi ba. Sai bayan da ya buga littafi tare da wani abokin aikinsa a 1943 aka karɓi gwajin, wanda har yau a ke kira da guntun sunansa, gwajin Pap. Ƙasashen da suka riƙe shi da gaske sun ga mace-macen wannan cuta sun ragu ƙwarai, tun ba a san mai kawo ta ba.

A shekarun 1960 zuwa farkon 1970, yawancin masana sun ɗora laifin a kan wata ƙwaya dabam mai suna hapis, wadda ke sa ƙuraje masu ruwa a al'aura. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya nemi alamarta a cikin naman sankarar da aka yanko, bai samu ba. A 1976 ya fito ya ce shi a ganinsa papiloma ce, abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba. Ya ci gaba da tono tare da almajiransa, har a 1983 suka zaƙulo wani nau'in papiloma a cikin naman sankara, aka sa masa lamba 16, a 1984 kuma suka sami wani, lamba 18. Hujjar da ta rufe gardama ta zo a 1999, sa'ad da aka bincika naman sankara da aka tattaro daga ƙasashe 22, aka sami ƙwayar a cikin kashi 99.7 cikin ɗari. A 2008 aka ba zur Hausen kyautar Nobel, tare da Faransawa biyu da suka gano ƙwayar cutar ƙanjamau. Daga lissafin Rigoni-Stern zuwa ranar da aka kama ƙwayar, shekara 141 ke nan.

Ƙwayar Da Aikinta

Sunan da aka fi sanin ƙwayar da shi a asibiti haruffa uku ne, HPV, watau papiloma ta ɗan Adam. Nau'inta ya haura 200. Yawancinsu ba su da wata illa. Wasu, kamar lamba 6 da lamba 11, su kan sa ƙananan tsiro a al'aura, masu ban haushi amma ba sa zama sankara. Guda goma sha 'yan kai ne masu haɗari, a cikinsu kuwa lamba 16 da lamba 18 su kaɗai ke da alhakin kimanin kashi 70 cikin ɗari na sankarar bakin mahaifa a duniya.

Ta hanyar saduwa ƙwayar ke yaɗuwa, fata ta taɓa fata. Ba a ɗaukarta ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko ta gaisawa, ko ta zama kusa da mai ciwon, saboda haka babu dalilin ƙyamar mai jinya ko ware mata kwanonta. Ba kuma gadonta a ke yi daga uwa kamar kamannin fuska ba. Yaɗuwarta ta kai inda masana suka ce kusan duk mutumin da ya yi zaman aure, namiji ko mace, zai gamu da ita sau ɗaya ko fiye a rayuwarsa. Ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ƙaiƙayi, mai ɗauke da ita bai san yana ɗauke da ita ba.

Cikin ikon Allah, jiki da kansa ke korar ta. A cikin mutum goma da suka ɗauka, tara za su rabu da ita kafin shekara biyu ba tare da shan ko ƙwayar magani ɗaya ba. Matsalar tana ga ragowar, waɗanda ƙwayar ta sami wurin zama a jikinsu. Ta kan shiga ta 'yar tsagar da ido ba ya gani, ta gangara can ƙasan fatar iyakar nan da aka ambata, ta kutsa cikin ƙwayoyin halitta. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai masu gadi biyu da Allah ya ajiye. Ɗaya aikinsa ya hana ƙwayar rabuwa sai lokaci ya yi, ɗaya kuma in ya ga ta lalace ya tsai da ita a gyara, in ba ta gyaruwa ya sa ta mutu. Nau'in HPV masu haɗari suna ƙera wasu sinadarai biyu, ɗaya ya ɗaure mai gadi na farko, ɗaya ya halaka na biyu. Daga nan ƙwayar halitta ta zama mota a gangara ba birki. Tana rabuwa, kurakurai suna taruwa a cikinta, ba mai gyarawa.

Amma wannan aiki ba na dare ɗaya ba ne. Ga mace mai ƙoshin lafiya, daga zaman ƙwayar zuwa fitowar sankara ya kan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A tsawon wannan lokaci abin yana kan fatar sama kawai, bai nutsa cikin nama ba, faɗinsa ma sau da yawa bai kai na kwabo ba. A ɗauki misalin yarinyar da aka kai ɗakin miji tana da shekara 16, ta gamu da ƙwayar a shekarar farko. Ta haihu, ta yaye, ta sake haihuwa, tana harkokinta lafiya lau. Sai ta kusa arba'in, 'ya'yanta sun tasa, a ke soma ganin ɗigon jini. Wanda ya ga jinin zai ce ciwon bana ya zo, alhali tun kafin a haifi ɗan farinta aka shuka shi. Wannan dogon shiru shi ne mugun halin cutar. Shi ne kuma babbar damar da ta bari, gama da wuya a sami wata sankara da ke ba mutane sarari har na shekara goma sha biyar su tare ta.

Abubuwan Da Ke Taimaka Mata

Tun da mutane da yawa ke ɗaukar ƙwayar amma kaɗan ke kamuwa da sankara, lalle akwai abubuwan da ke gyara mata wurin zama. Mafi girmansu raunin garkuwar jiki. Mace mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ta fi sauran mata haɗarin kamuwa har ninki shida, kuma in ba ta shan magani, shekarun nan 15 zuwa 20 su kan taƙaita su koma 5 zuwa 10. Don haka shan maganin ƙanjamau a kan kari kariya ce daga cuta biyu.

Na biyu, soma saduwa da ƙuruciya. An riga an faɗi cewa lokacin balaga siririyar fatar cikin ramin ta kan fito fili. Yarinyar da jikinta bai gama nuna ba, filin rauninta ya fi faɗi, ƙwayar kuma ta fi samun wurin kamawa. Wannan magana ce ta halittar jiki, kuma ya kamata iyaye su sa ta cikin ma'auni sa'ad da su ke shawarar lokacin aurar da 'ya'yansu. Haihuwa da yawa ita ma tana ƙara haɗarin, domin kowane ciki yana sake fito da wannan fata waje. Shan taba yana ƙarawa, gama an sami dafin hayaƙinta a cikin ruwan bakin mahaifar masu sha. Sauran cututtukan saduwa da ba a yi maganinsu ba suna buɗe ƙofa. An kuma lura cewa shan ƙwayoyin tazarar haihuwa shekaru masu yawa a jere yana ɗan ƙara haɗarin, wanda ke raguwa bayan an daina. Wannan ba dalilin yar da su ba ne, dalili ne na mai shan su ta riƙa zuwa gwaji.

Saura magana mai nauyi, wadda tilas a faɗe ta a fili. Da zarar an ce cuta ta hanyar saduwa ta ke zuwa, sai wasu su juya ido kan matar, a soma raɗe-raɗi a kan mutuncinta. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne. Matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta tana iya kamuwa, domin shi mijin yana iya kawo ƙwayar daga auren da ya yi a baya, ko daga abin da ya wuce tun yana saurayi, ba tare da shi kansa ya sani ba. Bincike ya nuna cewa haɗarin mace yana ƙaruwa gwargwadon yawan matan da mijinta ya sadu da su. A gidan da ke da mata biyu ko uku, ƙwayar da ta shiga ɗaki ɗaya tana iya zagaya sauran, haka kuma bazawara ko bazawari na iya shigowa da ita daga halattaccen aure zuwa halattaccen aure. Ba wanda zai iya cewa ga ranar da ta shigo ko ga wanda ya kawo ta, tun da shekara ashirin ta shige a tsakani. Kaciyar maza, wadda ta game ƙasar Hausa, tana rage zaman ƙwayar a jikin namiji, amma ba ta hana shi ɗauka ɗungum. Namijin ma bai tsira sarai ba, gama ƙwayar ta kan jawo sankarar maƙogwaro da ta dubura da ta mazakuta, ko da ya ke ba su kai ta mata yawa ba. Abin da za a ɗauka daga nan shi ne, in aka sami mace ɗaya da ciwon a gida, maimakon neman wanda za a zarga, sai maigida ya kai abokan zamanta a duba su.

Jinin Da Ba Na Al'ada Ba

Alamar farko da ta fi yawa ita ce jini: jini bayan saduwa, jini tsakanin haila da haila, ko jini ga matar da ta riga ta daina haila. Sa'an nan farin ruwa mai yawa, wani lokaci gauraye da jini, mai wari da ba ya jin wanka. Ciwon baya da na mara, kumburin ƙafa, rama, da yoyon fitsari, waɗannan sai ciwo ya yi nisa su ke zuwa.

A nan ne kyakkyawar tarbiyya ta kan zama tarko in ba a lura ba. Matar Bahaushe ta san rabe-raben jini tun tana makarantar allo ko Islamiyya: ga na haila, ga na biƙi, ga kuma na istihala, wanda a ke kira jinin ciwo. In ta ga jini ba a lokacinsa ba, abin da ya fara zuwa ranta shi ne hukuncin sallarta da azuminta. Sai ta aika a tambayi malam, malam ya ba ta amsa daidai, ta yi tsarki ta ci gaba da ibada, hankalinta ya kwanta. Amsar malam ta warware matsalar salla. Ba ta faɗi inda jinin ke fitowa ba, ba kuma aikinta ke nan ba. Sunan da malamai suka ba shi ma ya isa ishara, tun da sun ce na ciwo ne, ciwo kuwa likita a ke kai wa. Malamai da masu wa'azi da malaman Islamiyyar matan aure za su yi wa al'umma babban taimako in duk sa'ad da aka kawo musu irin wannan tambaya suka ƙara da cewa, a je asibiti a duba.

Haka farin ruwa. Kusan kowane ruwa da ya fito wa mace, sunansa sanyi a bakin jama'a, kuma masu maganin sanyi ba su ƙirguwa, daga kemis har masu lasifika a kasuwa. Gaskiya ne yawancin irin wannan ruwa ba sankara ba ne. Amma wanda aka yi wa magani ya ƙi tafiya, ko ya zo da jini, ko ya zo wa dattijuwa, ba a gane asalinsa sai an leƙa an gani. In kuwa ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai zance ya koma kan sammu da jifa, a ɗora wa kishiya ko maƙwabciya, zumunci ya lalace, kuɗin da za a kai asibiti ya tafi wajen karya abin da ba a yi ba. Kunya ma tana da nata kason. Dattijuwa mai surukai da jikoki ba ta iya buɗe baki ta gaya wa ɗanta cewa tana ganin jini, sai ta yi ta wanke zane a ɓoye. 'Ya'ya mata da matan 'ya'ya su ne suka fi kusa su lura, su ne kuma ya kamata su yi mata magana.

Toshe Hanya

Da aka san mai laifin, sai aka nemi makarinsa. A 1991, a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya, Ian Frazer da Jian Zhou suka gano yadda za a ƙera ɓawon ƙwayar shi kaɗai, ba kome a ciki, kamar ɓawon gyaɗa da aka cire 'ya'yan. In aka sa wannan ɓawo a jiki, garkuwar jiki ta kan ɗauka abokin gaba ne ya zo, ta yi shiri, ta kuma riƙe kamanninsa. Ran da ta gaskiyar ta zo, sai ta tarar an tsare ƙofa. Tun da babu ƙwaya mai rai a cikin allurar, ba ta yiwuwa ta sa cutar. An fara amfani da ita a 2006. Ostareliya ta soma yi wa 'yan makaranta a 2007, Ruwanda kuma ta zama ta farko a Afirka da ta game ƙasarta da ita a 2011. A Ingila, binciken da aka buga a 2021 ya nuna sankarar ta ragu da kashi 87 cikin ɗari ga matan da aka yi wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13.

Gwamnatin Tarayya ta shigo da allurar ran 24 ga Oktoba, 2023, ta hannun Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko, da niyyar kai wa 'yan mata miliyan 7.7 masu shekara 9 zuwa 14. An fara da jihohi 15 da Abuja, aka bi da sauran 21 a watan Mayu na 2024, Jihar Gombe tana cikinsu. Allura ɗaya ce tak, kyauta, tana kuma tsare nau'i huɗu, watau 6 da 11 da 16 da 18. Wasu iyaye sun yi tambaya, me ya sa yara ƙanana, kuma me ya sa mata kaɗai? Amsar tana cikin abin da ya gabata. Allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta zauna, hana ta shiga ta ke yi, don haka tilas ta riga aure. Matan kuwa su ne ke ɗauke da mafi nauyin cutar, shi ya sa aka fara da su.

An ji masu cewa allurar tana hana haihuwa. An yi wa miliyoyin 'yan mata ita a ƙasashe fiye da ɗari tun 2006, da yawansu yau iyaye ne, kuma binciken da aka yi bai sami wata alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. Abin da ke raba mace da haihuwa shi ne sankarar kanta, wadda maganinta kan kai ga cire mahaifa. Arewa ta taɓa jin irin wannan jita-jita a kan allurar shan inna a 2003, har aka dakatar da ita a wasu jihohi, Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004. Yaran da suka shanye a tsakanin nan suna nan da ransu, ana ganinsu. Da aka koma aka dage, a watan Agusta na 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Matan da suka wuce shekarun allura, nasu rabon gwaji ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shirin da ta ƙaddamar ran 17 ga Nuwamba, 2020, ta nemi kafin 2030 a yi wa kashi 90 cikin ɗari na 'yan mata allura, a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata suna da shekara 35 a kuma sake suna da 45, a yi wa kashi 90 cikin ɗari na waɗanda aka samu da ciwon magani. Shawararta ita ce mace ta soma gwaji tana da shekara 30, mai ɗauke da ƙwayar ƙanjamau kuwa tana da 25, ko da ba ta jin ciwon kome. Gwajin iri uku ne. Akwai na Pap da aka ambata. Akwai na neman ƙwayar HPV kanta, wanda ya fi kowanne kaifi, har mace na iya ɗebo ruwan da hannunta a inda aka tanadi kayan. Akwai kuma mafi sauƙi, inda ma'aikaciyar jinya ke shafa ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, a bakin mahaifa, ta jira minti ɗaya, wurin da ya soma lalacewa ya yi fari. In an ga farin, a kan ƙone shi da wata 'yar na'ura mai zafi ko a daskarar da shi, cikin 'yan mintoci, matar ta ɗaura zanenta ta koma gida ran nan, mahaifarta kuma tana nan yadda ta ke.

In kuwa sankarar ta riga ta kama, maganinta ya danganta ga inda ta kai. Wadda aka tara da wuri a kan yi mata aiki a cire, kuma da yawa suna warkewa sarai. Wadda ta nutsa sai an haɗa da gashin na'ura da ƙarin ruwan magani, a manyan cibiyoyi irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja, da tafiya mai nisa da kashe kuɗi mai yawa. Mazauna Jekadafari da kewaye, da ma na ko'ina cikin ƙasar nan, za su iya tambayar allurar 'yan mata a cibiyar lafiya ta matakin farko mafi kusa da su, inda a ke yi wa jarirai rigakafi. Batun gwaji kuma sai a nemi sashen mata da haihuwa na babban asibiti, kuma matar da ta fi son mace ta duba ta tana iya faɗin haka tun a wurin yankan kati.